Kafaɗar Ila

Ranar da Ila ya tare a gidan hayarmu na Rafin Guza, kekensa ne ya fara shiga ɗaki, sannan matarsa Mairo, sannan tukwane. Ina zaune a ƙofar ɗakina ina kallo, na ce a raina, to, Allah ya kawo mana wani kuma. Damina ce, shekarar 1986. Ni sunana Istifanus, mutumin Zonkwa, akawu nake a wata ma'aikatar gwamnati a lokacin, kuma bango ɗaya ne ya raba ɗakina da nasa duk tsawon shekarun da zan ba da labarinsu.

Ila mutumin Yawuri ne, daga bakin kogin Kwara. Dogo, marar jiki, sai faɗin kafaɗa kamar an ara masa ta wani. Kawun Mairo ne ya kira shi ya zo ya riƙe masa rumfar gyaran keke a Kawo, a gindin wani mangwaro. Baƙo in ya sauka unguwa, abin da yakan fara tambaya shi ne kasuwa, ko masallaci, ko inda ake samun ruwan sha. Ila kuwa da muka gaisa, ko sunana bai gama riƙewa ba ya ce, "Malam, ina aka yin iyo garin ga?"

Na ce, "Iyo? Mu nan da bokiti muke wanka, shi ma sai an yi layi."

Bai yi dariya ba. Ya zauna a kan dakali ya yi mini bayani da gaske, kamar mai ba da labarin aikin hajji. Wai akwai wani tsere da ya taɓa gani a talabijin a gidan wani malamin asibiti a Yawuri. Mutane su faɗa ruwa su yi iyo mai nisa, su fito jiƙe su haye keke, su sauka daga keken su kama gudu da ƙafa, duk a tashi ɗaya, ba hutu. Shi tseren uku yake kiransa. Na tambaye shi wa ke korar mutanen nan. Ya ce ba kowa. Na tambaye shi ko ana yin wannan abu a Kaduna. Ya ce bai ji ba tukuna, amma ranar da za a kawo shi, ba ya so a same shi a zaune.

Gudu bai ba shi wahala ba. Kaduna gari ne na sojoji, da asuba ba ka rasa wasu suna zagaya gari da waƙa, sai ya riƙa bin bayansu daga nesa. Daga baya ya gano wasu manyan ma'aikata a Unguwar Rimi waɗanda likita ya ce su rage tumbi, suna fitowa da fararen takalma suna sassarfa a gefen katangunsu. Waɗannan gudunsu bai ishe shi ba, amma suna da hira. Ranar Asabar kuma ya tafi Dandalin Murtala wurin samari, inda ake gudun da ya amsa sunansa.

Abokan keke kuwa a hanyar Zariya ya tsince su. Masu kai burodi ne, suna ɗaure akwatuna a bayan keke har su fi kan mutum tsawo, su kama hanyar Rigachikun tun gari bai gama wayewa ba. Da farko sun ƙi jininsa. Mutum ya zo da keke fayau ba kaya, ya wuce su kamar iska, ya juyo ya sake wuce su, wa zai ji daɗi? Babbansu ya tare shi ya ce in tafiya yake so da su, to ya ɗauki kaya kamar kowa, in kuma burga ya zo yi, hanya na da faɗi. Washegari Ila ya ɗaura akwatin burodi, ba da lada ba. Tun daga nan ya zama nasu. Sarƙar wani ta zame ko taya ta yi faci a hanya, shi ne mai gyara, su kuma ba su taɓa barin Mairo ta sayi burodi ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, na ci rabona.

Saura ruwa. A nan abin ya tsaya.

Ya ji labarin wani kulob mai tafkin wanka na siminti. Ya sa rigarsa ta Juma'a ya je. Maigadi ya tambaye shi kati, ya ce ba shi da shi. Ya tambayi yadda ake samu, aka ce sai wani mamba ya tsaya masa. Cikin masu tumbin Unguwar Rimi akwai mamba, ya kuma yi alkawari zai yi magana. Daga ranar, duk sanda mutumin ya hango Ila sai ya ƙara wuta ya sha kwana. Ila ya ce bai taɓa ganin bawan Allahn nan ya yi gudun kirki ba sai a lokacin. Aka kwatanta masa wata makaranta mai tafki, ya je ya tarar da shi a bushe, ciyawa ta fasa simintin, kwaɗi sun gaje sauran.

Abin ya fara ba ni haushi. Wata rana da yamma yana zaune yana kankare tayar wani, na ce, "Kai Ila, wai me ke damunka ne? Ga Kogin Kaduna nan bayan unguwa, in an yi ruwa har ɗaki yake biyo mu. Kai da aka haifa a bakin Kwara, kake yawon neman kududdufin masu kuɗi?"

Ya ajiye tayar. Na fara jin kunyar bakina. Sannan ya ba ni labarin ƙanensa Sanda.

Tare suka ga tseren nan a talabijin, tare suka fara gwada shi. Kullum su biyu suke shiga ruwa, su yi iyo zuwa wani tsibiri su dawo. Wata safiya zazzaɓi ya kwantar da Ila, Sanda ya ce ba zai yi fashi ba, ya tafi shi kaɗai. Ya fi Ila iya ruwa nesa ba kusa ba. Ba wanda ya san abin da ya same shi, ko jijiya ce ta riƙe, ko wani abu ne daban, domin ba wanda ke kallo. Masunta ne suka kawo gawarsa.

Da Ila zai taho Kaduna, mahaifiyarsu ta riƙe masa wuyan hannu a bakin mota. Ta ce, "Ba ni hana ka ruwa, don na san in na hana ka, ƙarya za ka yi min. Amma ba ka shiga sai da idon wanda ya san ruwa bisa kanka. Ka ce ka yarda." Ya ce ya yarda.

Don in gyara ɓarnar da na yi, na ce to ni zan riƙa raka shi in zauna a baki in sa masa ido. Ya dube ni ya ce, "In na nutse, mi za ka yi, Malam?" Na ce zan yi ihu. Ranar ce na fara jin dariyarsa. Ni dai ruwan da ya wuce gwiwa ba abokina ba ne, kowa ya sani.

Damina biyu suka wuce Ila bai jiƙa ƙirjinsa a kogi ba. Yakan dawo daga Rigachikun ya jingine keke a bakin ruwa ya zauna. Na sha ganinsa a can, takalmansa a gefe, ƙafafunsa a cikin ruwa zuwa idon sawu, ba ya wuce nan. Tsohuwar tana Yawuri, ba mai kai mata rahoto. Da ya faɗa ya yi iyonsa ya fito, rana ce kawai za ta busar da shi, magana ta ƙare. Bai taɓa yi ba. Ni abin tausayi yake ba ni, wani lokaci kuma haushi, don ban taɓa ganin mutum na azabtar da kansa da biyayya irin haka ba.

A zaman nan ne ya lura da masu yashi. A wancan zamani da hannu ake haƙo yashin gini daga ƙasan kogi, kuma bibbiyu suke aiki. Ɗaya yana cikin kwalekwale riƙe da doguwar gora da ya kafa a ƙasa, ɗayan ya bi gorar ya nutsa da bokiti, ya ciko ya taso. Mai gora ba ya waiwaye, ba ya hira, ko tifa ce ta zo ana ciniki a baki ba ruwansa. Duk sanda kan abokinsa ya ɓullo, sai ya ce, "Na gan ka." Ba gaisuwa ba ce, aiki ne. In mai nutso ya taso bai ji wannan kalma ba, ba ya sake komawa ƙasa, sai ya hau jirgi a ji dalili.

Ila ya same su ya faɗi buƙatarsa. Suka dube shi kamar wanda ya zo aron hankali. Su da ke shiga ruwa don abinci, ga wani yana roƙon a bar shi ya shiga don marmari. Ba su yi masa wulaƙanci ba, amma sun gaya masa gaskiya, kowane ido a nan yana da kan da yake tsaro, ba su da na kyauta.

Akwai wani tsoho da ke zama a kan wani kifaffen kwalekwale yana jin su. Baba Yakubu ake ce masa. Ya yi nutso tun yana saurayi har ƙirji ya hana shi, tari ya kama shi, aka ce ya huta. Hutun ne ke neman kashe shi. Kullum sai ya zo bakin ruwa ya zauna, ba mai korarsa, ba kuma mai neman sa. Shi ne ya ɗaga murya ya ce, "Kai Bayawuri, zo nan. Ni ina da ido, ba ni da kan da zan ɗora shi."

Amma bai bar shi ya shiga nan take ba. Ya ce ruwan Yawuri daban, na Kaduna daban. Wannan ƙasansa duk ramuka ne da su da kansu suka haƙa, ga duwatsu a ɓoye, ga wuraren da ruwa ke juyawa ya ja mutum ƙasa. Suka gyara tsohon jirgin, suka toshe shi da kwalta. Makonni Ila yana tuƙi kawai, tsoho na nuna masa wurare da gora, yana sa shi ya maimaita. In ya yi kuskure ya sha faɗa kamar ba magidanci ba.

Ranar da zai fara shiga, na bi su, na tsaya can nesa a kan tudu inda ruwa ba zai yi tunanin zuwa ba. Ila ya tuɓe riga, ya tsaya ruwa iya ƙugu, ya daɗe a haka. Sannan ya kwanta a kan ruwan ya miƙa hannu. Ban san komai game da iyo ba, amma na ga mutum ya koma gidansu. Tsoho na biye da shi a jirgi, kuma duk sanda Ila ya tsaya ya ɗago kai, muryar nan mai tari takan ratso ruwa har inda nake: "Na gan ka." Da ya fito idanunsa sun yi ja. Ya ce ruwa ne ya shiga. Na ce haka ne.

Shekarun da suka biyo baya su ne masu daɗinsa. Ya yi ƙiba kaɗan, ya koyi tsokana, Mairo ta haifa masa 'ya'ya. Ranar Lahadi, kafin mu fito daga coci, yakan haɗa ukun duka: ya yi iyo, ya haye keke zuwa Rigachikun ya dawo, ya jingine shi ya kama gudu. Unguwa ta gaji da yi masa dariya ta koma alfahari da shi. Tseren da yake jira bai zo Kaduna ba, ko labarinsa ba mu ji ba, shi kuma ya daina ambatonsa. Baba Yakubu ma ya canja. Ya riƙa zuwa da wankakkiyar riga, yana taka ƙasa da ƙarfi, in masu yashi sun tsokane shi ya ce su yi da sauri, shi yana da aiki.

Ana cikin haka aka aiko daga Yawuri cewa tsohuwa ta rasu. Bayan ya dawo daga zaman makoki, wani maƙwabcinmu mai saurin baki ya ce masa, to, yanzu ai alkawari ya sauka, tunda mai shi ta tafi. Ila ya girgiza kai. Ya ce, "Da tana raye, ina iya zuwa in roƙe ta ta sassauta min. Yanzu wa za ni roƙa?"

Wajen tsakiyar shekarun casa'in yashin wajenmu ya ja baya, masu haƙa suka ɗauke jiragensu suka yi gaba can sama da kogi, inda tifa ke samun hanya. Bakin ruwan ya zama daga masu wanki sai Ila da tsohonsa.

Wata rana na dawo daga aiki na tarar da shi zaune a ƙofar ɗaki, ba ya gyaran komai. Wannan ba halinsa ba ne. Na tambaye shi lafiya. Ya ce in zauna.

Ya ce da safe yana iyo, ruwa ya ɗan ja shi, ya taso ta hagun jirgi maimakon dama inda ya saba. Baba Yakubu na zaune ya kafa fuska dama, wurin da ba kowa, ya ce, "Na gan ka." Ila ya ɗauka kuskure ne. Ya nutsa a hankali ya zagaya ta bayan jirgi, ya ɗago kai ba tare da ya motsa ruwa ba, ya yi shiru. Tsoho bai ce komai ba, yana ta kallon gabansa. Sai da Ila ya bugi ruwa da hannu, sannan ya juyo da sauri ya faɗi kalmar. Da suka fito Ila ya dube shi da kyau a cikin rana, ya ga yanar ido ta rufe idanun biyu, fara fat. Da kunne tsohon yake aiki, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Na ce, "To ai sai ka gaya masa, ka nemi wani."

Ya ce, "In gaya mishi mi? Mutumin da ya ce ido gare shi ba shi da kan da zai ɗora, in ce mishi idon ma babu?"

Na kawo shawarar ya bi masu yashi can sama ya roƙi wani a ɓoye. Ya ce mutanen ruwa ba su da ɓoye, kafin azahar labari ya iso. Kuma safiyar ce kaɗai lokacinsa, ita ce kuma tsoho ke zaune a bakin jirgi da wankakkiyar rigarsa yana jira. Na ce to ya ci gaba a haka mana, ai kunnen ma wani abu ne, shekara nawa yana iyo ba abin da ya same shi. Ya ce Sanda ma shekara nawa ya yi.

Washegari ya je bakin ruwa da tsumma ɗaure a kafaɗar dama. Ya gaya wa Baba Yakubu cewa kafaɗa ta riƙe, mai ɗori ya ce ya bar iyo sai ta saki, amma tuƙi a hankali zai taimaka mata. Tsoho ya yi masa sannu, ya ce to su tuƙa. Suka riƙa fita kullum kamar da, Ila na tuƙi, tsoho na zaune a gaba riƙe da gorarsa yana ba da umarni, a kauce nan akwai rami, a bi ta can akwai dutse. Bai taɓa kuskuren wuri ba.

Kafaɗar ba ta saki ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Da wannan hannun na sha ganin Ila ya ɗaga keke sama ya rataye a reshen mangwaro, amma da ya doshi kogi sai ya ɗaura tsummansa, ko da yake wanda ake ɗaurawa dominsa ba ya gani. Na ce masa wannan wahalar fa? Ya ce tsoho yakan dafa shi in zai shiga jirgi. Ƙibar da ya yi ta zube. Yana gudunsa, yana kai burodinsa, amma tseren uku ya koma biyu, kuma bai ƙara kiran sunansa ba. Na yi fushi da shi, na yi fushi da tsohon, har da marigayiyar da ban taɓa gani ba. Daga baya fushin ya ƙare, ya bar ni da girmamawa, wadda ta fi fushin nauyi.

Sau ɗaya tak na taɓa shiga jirgin nan. Tarin Baba Yakubu ya yi tsanani a lokacin, ba ya iya zama sai da mai tallafa masa, Ila ya roƙe ni in zo in riƙe shi. Na shiga ina karanto duk addu'ar da na sani. Rani ne, ruwa ya kwanta, ya yi garau har ana ganin yashi a ƙasa. Ko ni da ba na shiri da ruwa na san irin wanda ke kiran mutum ne. Na saci kallon Ila, na ga shi bakin gaɓa yake kallo.

Muna tsakiyar kogi tsoho ya ce a tsaya. Ya kafa gorarsa da kyar, ya yi tari, ya huta. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ila."

"Na'am, Baba."

"Kafaɗar nan taka da idon nan nawa, rana ɗaya suka lalace."

Ina jin ƙasusuwan bayansa a tafin hannuna suna hawa suna sauka. Can Ila ya ce, "Sanyi ne ya kama ta, Baba."

"Haka ne," in ji tsoho. "Allah ya yi maka albarka. Allah ya jiƙan wadda ta haife ka."

Ila ya ajiye filafilin tuƙi a kan cinyarsa. Ya sunkuya ta gefen jirgi, ya ɗebi ruwa da hannu biyu ya watsa a fuska, ya sake ɗiba ya watsa. Tsoho ya ji motsin ruwan. Kansa ya juya wajen da kansa, yadda ya saba tun yana saurayi, ya ce, "Na gan ka."

Ila ya ce, "Na ji, Baba." Ya ɗauki filafili ya juya mu zuwa gaɓa.